Yatsun da Na Ɓoye wa Baba

Edita, lokacin da abin nan ya same ni ina 'yar shekara goma sha bakwai, a ƙarshen shekarun 1980, muna zaune a wani sashen gidan bene a unguwar Abbey Wood, can ƙasar Turawa. Mahaifina likita ne, Bakano. Ni kuwa tun ina 'yar mitsitsiya nake kaɗa fiyano, irin tsohon kiɗan Turawa da ake karantawa a takarda. 'Yan uwanmu Hausawa masu zuwa gaisuwa ba su bar Baba ya sha ruwa ba, wai 'yar likita guda za ta ƙare a makaɗiya. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce a ƙyale yarinya. Wannan tsaya mini da ya yi shi ya zame mini kaya, don na sa a raina in na gaza, na ba shi kunya a idon mutane.

Duk Asabar nakan tafi unguwar Marylebone wajen malamata, wata tsohuwar Baturiya mai faɗa amma mai kirki, tana shirya ni don jarrabawar shiga babbar makarantar kiɗa. Da ya rage wata uku sai na ninka atisaye, awa shida a rana, ba wanda ya sa ni. Hannuna na dama ya fara zogi tun daga wuyan hannu har gwiwa. Daga baya yatsuna biyu na ƙarshe suka riƙa lanƙwashewa da kansu ina tsakiyar kiɗa. Malama ta ji canjin da kunnenta. Sau uku tana tsayar da ni tana tambaya ko akwai inda ke mini ciwo, sau uku ina sunkuyar da kai ina ce mata babu. Haka aka raine mu, yaro ba ya kai wa babba ƙorafi, dauriya ita ce tarbiyya. Ita kuwa baiwar Allah ta yarda da ni.

Wallahi tsoron da na ji a watannin nan ban taɓa jin irinsa ba. Da na farka, kafin ko alwala, sai in miƙe yatsun in ga ko za su bi umarnina. Na yi ta gasa hannun da ruwan zafi, ina shafa man zafi ina rufewa da dogon hannun riga. A gidan likita fa, don wauta!

Tuwo ne ya tona mini asiri. Wata Lahadi, saura sati biyu jarrabawa, Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Na sa hannu zan yanko loma, yatsun suka ƙi, lomar ta suɓuce. Na lallaɓa na ɗauko cokali. Baba ya dube ni ya tambaya tun yaushe na fara cin tuwo da cokali. Ya kama hannun ya juya shi, ya ce in miƙe yatsun. Na kasa. Abincin da bai ƙarasa ba ke nan.

Ƙwararren likitan da ya kai ni wajensa ya ce da mun zo da wuri, wataƙila hutu da gyaran yadda nake ɗora hannu sun wadatar. Ban shiga jarrabawar ba, yatsun kuma har yau ba su koma daidai ba. A jirgin ƙasa muna dawowa, ina jiran faɗa, sai Baba ya ce shi ba fiyanon ne ya dame shi ba. Ya ce kullum yana wuni yana duba ciwon mutanen da bai sani ba, ga 'yarsa ta gwammace ta rasa hannu da ta faɗa masa. Ya tambaye ni a hankali me ya yi mini da nake tsoronsa haka. Sai na fashe da kuka.

Yanzu yara nake koya wa fiyano. Iyaye, kada shirun yaro ya ruɗe ku. Yara, ku faɗi ciwo tun yana ƙarami, wannan ba rashin kunya ba ne. Ni na daina tambayar ɗalibaina ko akwai ciwo, don na san amsar da za su ba ni. Cewa nake su miƙo hannun in gani.