Awon da ke jikin bango

Shekara shida ina ɗinki a gidanmu da ke unguwar Lokuwa, har ɗinkin ya fi ƙarfin gidan. Keke ɗaya ya zama biyu, atamfofin mutane suka cinye gadon baƙi, ɗalibai mata kuma ba su san lokacin da ya dace a yi sallama ba. Ranar da maigidana ya fito daga wanka ɗaure da tawul ya tarar da mata huɗu suna gardama kan wuyan riga, sai ya juya ya koma ciki. Da la'asar ne ya tambaye ni, cikin ladabi ƙwarai, ko nawa ake hayar shago yanzu. Na gane karatun.

Wuri uku na duba. Na farko yana manne da injin niƙa, sai ki yi ihu kafin a ji ki. Na biyu ruwa na kwana a cikinsa da damina. Na uku yana bakin hanya, da taga babba, kuma tela ba ta da abin so kamar haske. Mai shi wani dattijo ne ɗan Borno. Ya daɗe yana lalube cikin makullansa kamar ba ya son ya samu. Ya ce tela ne a ciki da, mutumin Michika. A shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo gari ya watse kowa ya nufi dutse, shi ma ya fita, kuma har yau babu labarinsa.

Da ƙofa ta buɗe na ga bangon. Ashe telan ba ya ajiye littafi, a bango yake rubuta awon mutane da biro: suna, sai kafaɗa, hannu, wuya, tsawo. Tun daga ƙasa har inda hannu ya kai, babu masaka tsinke. Na ji kamar na shiga ɗakin da mutane ke tsaitsaye sun yi shiru. Amma ni mai gaggawa ce, kuma tsabtata ta kusa zama ciwo. Dattijon ya fara cewa akwai wata magana game da bangon nan, na katse shi na ce kada ya damu, fenti ni zan ɗauki nauyinsa. Ya dube ni ya miƙo mini makullin. Na ɗauka kunyar dattin yake ji.

Shuɗi na sa aka shafa. Sai da aka yi hannu biyu, don biro na da taurin kai, yana ta ɓullowa.

A sati na uku, da hantsi, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofa da leda a hannu. Manomiya ce daga ƙauyen Betso, da ɗan gicciye a wuyanta. Ba ta dube ni ba. Ta wuce kai tsaye gefen taga, ta ɗaga hannu daidai kafaɗarta, ta tsaya da hannun a sama. Ta daɗe a haka kafin ta shafa fentin a hankali.

Na ba ta kujera, ta faɗa mini abin da ke tafe da ita. Ɗanta ɗalibi ne, a nan aka auna shi sati ɗaya kafin gudu, kuma bai dawo gida ba. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo labari ba. Ba ta iya karatu, amma an taɓa nuna mata layinsa. Duk lokacin da ta shigo gari dattijon yakan buɗe mata ta gani ta tafi. Da ta ji tela ta shiga shagon sai ta yi murna, ta sayo yadi fari don a ɗinka masa riga da awonsa, in ya dawo kada ya tarar ba shi da ta zuwa coci.

Ta ce da irin Hausarsu, "'Yata, kai ma tela ne. Ka karanta shi kafin ka shafa?"

Na so in yi mata ƙarya, Allah ya sani na so. Na ce, "Mama, ban karanta ba." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma har yau in na kalli gefen tagar nan sai kunyar ta dawo mini sabuwa.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ba komai, ai ita ta haife shi, ta san jikinsa. Ta ajiye ledar, ta buɗe hannuwanta biyu don ta nuna mini faɗin kafaɗarsa. Na ɗauko tef na durƙusa a gabanta. Kafin in karanta lambar sai ta ƙara buɗe su kaɗan, ta ce ya fi haka. Na sake aunawa. Ta matso da su, ta ce a'a, ba mai jiki ba ne. Ta tsura wa tsakanin hannuwan ido.

"Tsaya," ta ce, "bari in tuna."

Na tsaya riƙe da tef ɗin.