Bangon Alhaji Mamman Ba Zai Shiga Shara Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar aminina Alhaji Mamman, mutumin Damagaram, kuma gara in fara da tona wa kaina asiri. Ranar da aka nuna mana, ni da shi, hoton wani tsohon gari a waya, tambayar da na yi ita ce nawa ake sayar da fuloti a wurin. Na ga kangaye babu rufi, na ɗauka sabuwar unguwa ce da masu ita suka kasa ƙarasawa. Aji uku na yi a firamare, biyu daga ciki ta taga na leƙa su, sai a yi mini uzuri.

Mai wayar Karim ne, ɗan Tajikistan, mai teburin gyale kusa da namu na jakunkuna a titin Canal Street, nan Amurka. Da ƙuruciyarsa ya yi lebura wurin masu tonon tarihi a kufan Panjikant, can ƙasarsu. Ya ce garin wasu fatake ne, Sogdiyawa, masu ɗauko siliki daga Sin, duk inda suka sauka sai su kafa zango. Garin ya mutu fiye da shekara dubu, amma da aka yaye ƙasa sai ga zane a bangayen ɗakunansu, ga su nan zaune cikin ado suna liyafa.

Na ce, "Alhaji, an ce masu bautar wuta ne fa." Ya ce, "Ɗanjuma, ban tambaye ka addininsu ba. Fatake ne, kuma da aka tono an gane su."

Alhaji mai masauki ne irin na da. Baƙon Kumasi ne ko na Maraɗi, in ya sauko daga jirgi, a ɗakin ƙasa na shagonsa a unguwar Tremont yake kwana har ya samu abin yi. Tun daga makon da muka ga hoton nan ya kafa doka: kafin baƙo ya tashi, sai ya zana a bango abin da gidansu ke fatauci da shi. Wani ya zana huhun goro, wani kantun gishiri, wani tirela. Ni ma ɗakin ne masaukina na farko, don haka aka miƙo mini alƙalami, na zana raƙumin kakana. Limaminmu, da ba ya son zanen mai rai, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan babu laifi, don bai yi kama da kowace halitta ta Allah ba.

Da Alhaji zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Baƙo tun yana filin jirgi ya sama wa kansa ɗaki ta waya. Jikokinmu ka yi musu Hausa, su mayar maka da Turanci. Ga shi an sayar da ginin, sabon mai shi zai fasa cikinsa ranar Litinin.

Na sami Nasiru, babban ɗan marigayi, da maganar. Ya ce, "Kawu, a ɗauki hotonsa a waya mana, ai ya isa." Na tuna masa cewa wayar Karim ta faɗa ruwa tun bara waccan, hotunan sun tafi, bangon fataken kuwa yana nan. Daga baya ya ce akwai wuri a falon gidansa na unguwar Parkchester.

Sa'ar da muka yi, bangon Amurka ba na ƙasa ba ne, allo ne da zarto ke yankawa. Mai ginin ya yi mini dariya, ya ce in kwashe kafin leburorinsa su zo. Ban taɓa riƙe zarto ba, gwiwata kuma ba ta shiri da matakala. Amma ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan sauka ɗakin nan, kuma ba zan hau ba sai da bangon, har da raƙumina.

Shagon ya zama na wani, tebur ɗinmu ma wani ke kai. Abin da ya rage na Alhaji shi ne mutanen da ya kwantar, da shaidar da ya sa suka bari da hannunsu. Allah ya jiƙansa. Wata ranar sanyi muna kwashe kaya, ya ɗaga wata jaka ya juya gindinta inda aka rubuta cewa ƙirar Sin ce, ya faɗi maganar da har ya rasu ban ba shi amsarta ba.

"Ɗanjuma, mu in an tono mu, waɗannan jakunkunan za a tarar, a ce 'yan Sin ne suka zauna nan."