Ƙusa Ɗaya Ta Soke Mu

Ƙusa ɗaya ta soke mu, ni da yayana, kuma ni aka yi wa jaje.

Yaya ɗan katako ne a kasuwar Katako, ni kuma tela ce a Yantala. Na daɗe ina damunsa a kan teburin yankan yadi, har wata Lahadi ya zo da tsofaffin alluna ɗaure a bayan babur ya zube mini a tsakar gida. Na fito ba takalmi, na taka ɗaya, ƙusa ta shige mini tafin ƙafa. Na kwarma ihun da ya tara maƙwabta. Garin janye allon daga ƙafata, ƙusar ta ɗan soke shi a tafin hannu. Jininsa bai kai ɗigo biyu ba.

"Ke dai raguwa ce," in ji shi. Ya karɓo man birki wajen wani direban taksi na layinmu, ya ɗiga a hannun, ya ce da shi duk Katako suke kashe ciwo. Kwana uku wurin ya rufe. Ni kuwa na yi mako ina ɗingishi ana kawo mini kunu.

A kwana na tara ya zo da guduma zai haɗa teburin. Na zuba masa shinkafa da wake. Ya ɗebo, ya kai cokali baki, bakin ya ƙi buɗuwa. Na dube shi na ga haƙora a waje kamar mai dariya.

"Yaya, bar wasan nan, ci abincinka."

Idanunsa sun cika da hawaye, fuskar kuma tana nan tana dariya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ƙofa ta bugu, sai bayansa ya lanƙwashe ya faɗi daga kujera. Wata maƙwabciya ta ce iskoki ne, ta tafi neman turare. Ban jira ta ba, na tsayar da taksi.

A asibiti aka sa shi a ɗaki mai duhu, aka hana mu ko tari, domin ƙaramin motsi ma yana tayar masa da jijiyoyi. Wata malamar asibiti ta ja ni waje ta tambaye ni ko ya ji ciwo kwanan nan. Na ce a'a, ni ce dai na ji, na nuna mata ƙafata. Sai na tuna hannunsa, na gaya mata.

Ta ce tetanos ne. Ƙwayar cutar a ƙasa da datti take, ƙusa ta tura ta ciki, fata ta rufe a kanta, ita kuma ta zauna tana sakin guba mai ɗaure jijiya.

"To ni fa? Nawa ya fi nashi zurfi!"

"Kin haihu kwanan nan?"

"Bara."

"An yi miki allura wurin awo?"

Na ce an yi. Ta ce ita ce ta koya wa jikina gane gubar tun kafin ta zo, shi ya sa da ta shigo ta tarar ana jiranta. Shi jikinsa bai taɓa ganinta ba.

Na zauna a ƙasa. Allurar da na yi ta ƙorafi a kanta ke nan, wadda ta kumbura mini dantse, har na rantse ba zan koma ta biyu ba. Yaya ne ya ce sai na je. Shi ya ɗauke ni a babur, zuwa biyun duka, yana yi mini tsiya a hanya.

Ya rasu a kwana na shida a asibitin, bai sake buɗe baki ba.

Har yau in na bi ta ƙofar ɗakin awon nan sai na dubi gindin bishiyar da yake jirana yana cin gyaɗa. Tsakaninsa da allurar bai fi taku ashirin ba, amma a lokacin duk mun ɗauka ta mata ce.