Tsohuwa Mai Datse Kwanson Harsashi

Sindre ya shigo ɗakin ƙungiyar maharba don gwajin harbi na bana, wanda in ba ka ci ba, babu kai babu farauta. Sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwa da bai sani ba. Ƴar firit ce, gashi fari fat, sanye da rigar sanyi ta maza, ta naɗe hannuwan. Ta mijinta ce, in ji zuciyar Sindre, kuma da alama ba ya duniya.

Kwanson harsashi take gyarawa don a sake cika shi, bindigarta jingine a gefenta. Duk harbi tagullar kwanson na ƙara tsawo, in ba a datse ba, bindiga ta ƙi rufuwa. Tana juya wata ƴar na'urar datsewa a hankali, ta auna, ta hure ɓarɓashin. Yatsunta na rawa, amma ba ta tsallake ko ɗaya.

Wani ƙato, da gani ɗanta ne, na tsaye a kanta. "Mama, dubi hannunki fa. In kin faɗi gwajin yau, a sayar da bindigar nan kowa ya huta."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da naman bindigar nan ka yi wannan tumbin, Oddvar. Matsa, ka tare min haske."