Dabinon da Na Zana Mata

Sana'ata zane ce. A Agadas na tsufa ina yi wa shaguna da bayan kamiyo, wato manyan motocin kaya, ado. Abin da masu gidajen abinci suka fi so a bangonsu shi ne tsibiri. Wani baƙo ya taɓa bar mini hoton wani tsibiri na tekun Pasifik: masunta na jan kwalekwale, mata na shanya kifi, itatuwan kwakwa sun sunkuya kan ruwa. Na zana shi har hannuna ya haddace.

Matata 'yar Fachi ce, garin gishiri da dabino can cikin hamada. Tun da aka kawo ta ba ta koma ba, kuma da ciwo ya kwantar da ita muka san ba za ta iya hanyar hamadar Tenere ba. Sai ta roƙe ni in zana mata garinsu a bangon da take fuskanta. Ni ban taɓa zuwa ba. Tana kwance tana faɗa, ina zanawa: ramukan gishiri, kantun gishiri jere a rana, raƙuman ayari a durƙushe, ƙofar uwarta mai shuɗin launi, da wata tsohuwa da kullum take korar awaki daga shanyar dabino. Ta sa na ƙara wa tsohuwar tsawon sanda har sau biyu.

Da na zo kan itatuwa, hannuna ya bi abin da ya saba. Ta duba, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Malam, wa ya lanƙwasa mana dabino? Namu a miƙe yake. Wannan ai na mutanen ruwanka ne."

Na ce launin kore ya ƙare, gobe zan gyara. Da gaske ya ƙare. Amma a lokacin, aiki ya yi mini yawa a tashar mota, goben ta yi ta ja. Takan ce in bar shi, ta saba, wai yanzu garinsu ya samu baƙi. Sau ɗaya kawai ta ce tana so ta ga na gidansu tsaye kafin ta tafi.

Ranar da na sayo koren, na tarar mata sun cika tsakar gida, Allah ya yi mata rasuwa.

Gwangwanin fentin yana nan ƙarƙashin gado, ban buɗe ba. 'Yarmu ta ce in gyara, ko don cika alkawari. Nakan tsaya gaban bangon in kasa. Itatuwan nan karkatattu su ne abu na ƙarshe da ya ba ta dariya a ɗakin nan, kuma idan na miƙe su, babu mai ce mini na yi daidai.