Gatarin da Isa Ya Ce a Binne

Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta iya tatsuniyar Gizo ba, kuma ba ta damu ta iya ba. Ita labarinta sai da jini. A gidanmu na Bosso, da an sauke tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhu, tana tura mana gyaɗa cikin toka, ta ce, "Ku matso, 'yan banza, wannan da idona na gani." Mamanmu ta yi ta faɗa wai ana tsorata yara. Ina! Mu abin da muke so ke nan.

Wanda ta fi maimaitawa shi ne na yayanta Mamman. Suna da gonar doya a Garatu, iyaka ɗaya da ta wani Malam Audu, kuma an daɗe ana zub da jini a kan iyakar nan. An fasa wa Mamman kai da ƙotar fartanya, shi kuma ya karya wa ƙanin Malam Audu haƙarƙari. Har rumbu an ƙone.

Ana cikin haka sai ga Isa, ɗan Malam Audu, ya dawo daga kudu inda ya tashi a hannun kawunsa. Ya yi boko, amma Hausarsa duk a karye. Ya tare Mamman a bakin hanya yana ta zuba Turanci, wani Sale mai aikin jirgin ƙasa yana fassarawa.

Nan Iya kan gyara zama, ta tsuke baki ta kwaikwayi Isa: "Beri da hacit! Beri da hacit!" Mu kwashe da dariya.

"Dariya kuke yi? Sale ya ce, 'Mamman, wai gobe da safe zai zo kan iyaka a binne gatari.' Ku ji fa! Ƙarfe a cikin ƙasar mutum! Wa bai san asiri ba ne? Doya ta ruɓe, mai gona ya bi ta. Kuma don raini, ido da ido ya gaya masa."

Da gari ya waye Mamman ya wasa adda ya laɓe a gona. Iya ta biyo shi da kunu, komai a gabanta aka yi. Isa ya taho cikin farar riga, yana murmushi, ya miƙo hannu. "Murmushin mugunta," in ji Iya. Mamman ya daka tsalle ya sauke masa adda. Sara ɗaya, hannun ya koma fata ce kawai ke riƙe da shi, jini ya yi tsartuwa har kan zanenta. Isa ya faɗi tsakanin kunyoyi yana kururuwa, Mamman ya take masa ƙirji yana cewa, "Ina gatarin? Fito da shi!" Aka tone iyakar kaf, ba a ga ko allura ba.

"Ai irinsu ba a kama su," Iya kan ce, tana tura itace cikin wuta.

Isa ya rayu da dungu. Mamman ya mutu a gidan yari. A wajen Iya, yayanta jarumi ne da ya ceci gidansu, wanda duk ya ce ba haka ba kuwa, kada ya ƙara taka ɗakinta.

Ina sakandare wata rana malamin Turanci ya rubuta a allo, bury the hatchet. Ya ce in mai Turanci ya faɗi haka, ba gatari ba rami, nufinsa a bar gaba a yi sulhu, kamar 'yan'uwan da suka daina gaisawa su dawo su shirya. Na maimaita kalmomin da bakin Iya: beri da hacit. Wallahi ban ƙara jin komai ba har aka tashi.

Na isa gida raina a ɓace, na same ta tana tsinke zogale.

"Iya, kin san abin da Isa ya zo yi? Sulhu ya zo nema."

"Ke dai boko ya haukata ki," ta ce.

Na yi mata bayani dalla-dalla, ban rage komai ba, don a lokacin bakina ba linzami. Ta ajiye zogalen.

"Ashe gaisuwa ce ya miƙo," ta ce a hankali.

Yanzu na girma, kuma in na ji wani ɗan boko yana jefa wa dattijo Turanci, ba na jin kunyar katse shi in ce, "Malam, faɗe ta a fili." Ana ce mini mai tsiwa, oho dai. Abin da har yau ban warware ba shi ne ko na kyauta da na gaya mata. Tsohuwa ce, da yayan nan take alfahari, ni kuma na ƙwace mata shi a yini ɗaya.

Har ta rasu ba ta sake ba da labarin ba. Sai dai in ta idar da salla nakan ji ta tana nema wa Mamman gafara, abin da a da ba ta taɓa ganin yana bukata ba.