Tukunyar da Madam Ta Zaɓa

Dakan ne ya tsaya. Taɓarya uku ke tafiya a tsakar gidanmu, ta innata da ta gwaggona da ta matar kawuna, sai duk suka ɗauke lokaci guda, kamar an toshe mini kunnuwa. Fitowata ke nan daga bayan rumbu, rungume da baƙar tukunya a ƙirji. Na dubi innata. Ba fuskata take kallo ba, hannuwana take kallo. Har yau, nan Yamai inda nake kwalej, in maƙwabta suna daka suka tsaya ba zato, sai in shiga duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Bari in koma baya kaɗan, don ka san tukunyar da yadda ta zo hannuna.

Kakata, uwar babana, ginin tukwane take yi a Dogon Dutsi. Cikin ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu da ƙaiƙayi na yi wayo. Ni ce babbar jikarta mace, kuma tun haƙoran gabana ba su fita ba ta ba ni wani ɗan dutse mai santsi na goge cikin tukunya, ta ce daidai tafina aka halitta shi. Kowa ya san ni za ta bar wa yumɓun, da kuma abin da ke bayan rumbu. Ko da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro lakkwal, makarantar Nasara, abin ya faɗo kaina, ba ta janye ba. Tsokanata kawai take yi. In na dawo ta miƙo mini kasko ta ce ƴar lakkwal ta karanta mata abin da aka rubuta a gindinsa.

Abin da ke bayan rumbun kuwa tukunya ce tsohuwa, baƙa ƙirin, rufe da faifai, jikinta duk zane-zanen farin gumba. Ta Doguwar gidanmu ce. Kowace shekara kafin a fita shuka, kaka kan durƙusa ta zuba mata ruwan gumba, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin babbar yaya. Mu yara abu ɗaya aka gaya mana: hannun da ya ɗaga ta ba da izini ba, Doguwa za ta shanye shi ya bushe kamar kara. Akwai wani tsoho a kasuwa mai shanyayyen hannu, shi ake nuna mana.

Bazarar da na cika shekara goma aka kawo sabon kumandan, Baturen mulki, da matarsa, wadda kowa ke ce wa Madam. Zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a inuwa, rijiyoyi sun yi ƙasa, mata na kwasar laka da guga. A lokacin ne Madam ta ga barandarta ta yi mata fili. Ta ce a ƙasarsu yanzu ne furanni ke buɗewa, kuma ta zo da irinsu cikin ƴan takardu. Tukwane take so ta jera. Tafintan bariki ya bi kumandan rangadi, don haka mushe, malaminmu, ya zaɓe ni in raka ta, ni da na fi kowa faransanci a aji. Ba zan ɓoye maka ba, na yi murna. Na shiga gaba, Madam na biye da laimarta, gardi, dogarin bariki, na bayanta da bulala, na kai su gidanmu ina taƙama.

Kaka ta tafi ɗebo yumɓu. Madam ta yi ta zagaya sababbin tukwanen da aka kife a rana. Ta ƙwanƙwasa wannan da zobenta, ta zura hannu cikin waccan ta auna zurfi. Tulu ya yi mata ƙaramin baki, kasko ba shi da zurfin da saiwa za ta kama, randa ta yi girma. Ta ware guda biyar, tana yatsina fuska wai sun cika ja. Sai idonta ya faɗa bayan rumbu. Ta tafa hannu, ta ce ga wadda take nema, jan fure zai fito da kyau a cikin baƙi.

Ta ce wa gardi ya ɗauko. Wannan ƙato, da ko karen gari ke tsoro, sai ya mai da hannuwansa baya, ya kama kallon sama kamar bai ji ba. Madam ta juyo gare ni.

Na san a'a da faransanci. Na san yadda ake haɗa jimlar da za ta ce wannan ba ta bayarwa ba ce. Amma mushe ya sha gaya mana iskoki tatsuniyar jahilai ce, kuma ga Madam tana yi mini murmushi, tana ce mini yarinya mai hankali. Na je na ɗauko.

A nan dakan ya tsaya.

Ni na kai ta har bariki, don ba wanda ya yarda ya karɓe ni. Madam ta kife ta, ƙasa da ƴan wuri da wani zoben ƙarfe suka zube, ta share su da takalmi. Ta sa wani ɗan kaso, cikin fursunonin da ke mata aiki, ya huda gindin da ƙusa, don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Sau uku ya buga. Ina jin bugun nan a haƙorana har gobe.

Kaka ba ta buge ni ba. Ta sauke kwandon yumɓu, ta leƙa bayan rumbu, ta daɗe tana kallon zagayen da gindin tukunyar ya bari a ƙasa.

"Wa ya ɗauka?"

Ta juyo ta dube ni.

"Ƴar lakkwal, da hannunki?"

Na ce da hannuna.

"Wane?"

Na ce duka biyu. Sai ta shiga ɗaki.

Daga ranar aka daina karɓar ƙwaryar ruwa daga hannuna, sai in ajiye ƙasa a ɗauka. Innata tana kuka take zuba mini tuwo a kwano dabam. Kowace safiya kafin in buɗe ido sai in motsa yatsuna, in ƙirga su, in ciji tafina in ji ko da zafi. In na kwanta kan hannu ya mutu, sai in ce shi ke nan, ta fara. Kuma hanyar lakkwal ta gaban bariki take. Kullum ina ganin tukunyar a baranda, ƴan kaso suna juye mata ruwan da matan unguwarmu suka yi rabin wuni suna jira bakin rijiya.

Kaka ta bi ta hannun mai unguwa, ta ce a karɓi duk tukwanen da za ta gina bana a maido mata wannan. Madam ta yi dariya, ta aiko mata da sukari. Babana ya ce a bar maganar, kada gardi ya san ƙofarmu fiye da yadda ya sani.

Furannin ba su kai damina ba. Sun fito ƴan sirara, rana ta ƙone su. Madam ta gaji, ta sa aka watsar da tukwanen bayan kicin, kuku ya aiko wa kaka ta zo ta ɗauki kayanta. Ta dawo da ita cikin zane. Na ga ta ɗaga ta sama, hasken rana ya ɓullo ta hudar ya sauka a goshinta.

Yanzu na karanta abin da likitoci ke cewa kan shanyewar hannu, na ci jarrabawa a kansa. Bai hana ni ƙirga yatsu ba. Na ji Madam ta koma ƙasarsu tuntuni, kuma na tabbata ba ta tuna launin tukunyar ba.

Ranar da hadarin farko ya haɗu, kaka ta ja baƙar akuya bayan rumbu, ta hana kowa bin ta. Sai la'asar ta fito. Ta wanke hannu, ta kira ni, ta ce in miƙo nawa. Karo na farko ke nan da wani ya taɓa su tun bazara. Ta juya su, ta matsa kowane yatsa.

"Ba abin da za ya same ki. Kin tsira."

Na fashe da kuka, na ce ko Doguwa ta yafe mini.

"Ba yahiya ta yi ba. Na ce mata ba ɗiyar gidanga ta ɗauka ba. Na ce ɗiyar Nasara ce, baƙuwa, ba ta san kowa ba. Ita ko ba ta bin baƙo."

Ta saki hannuwana. Sannan ta buɗe nata tafin, ta ce in ba ta ɗan dutsen nan, ƴar gwaggona za ta fara koyo gobe.